Lillian Gish da fim ɗin da ba ya magana: gwaninta ce ko zuzutawar Turawa?

Ƙanwar Kowa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Duk inda aka lissafa jaruman fim na farko a Amurka sai ka ga Lillian Gish a kan gaba. Amma guntayen finafinanta da ke yawo a intanet, mutane na tafiya kamar an taka wa tururuwa gida, fuska fari fat kamar an tsoma ta a gari, leɓe baƙi wuluk. To ina gwanintar take?

Malam Na-Kyamara: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abu biyu kika haɗa, kuma ba ɗaya daga ciki da yake laifin matar. Bari mu fara da gudun. Kyamarar wancan zamani ba inji ke jan ta ba, mariƙi ne da ita a gefe, mai ɗauka yana juyawa da hannu. Juyi ɗaya hoto 8 ne, ana yin juyi biyu a sakan, ya zama hoto 16. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da gudu a hoto 24 a sakan, domin murya ba ta jure hawa da sauka. In kin ɗauki abin da aka yi a 16 kika haska a 24, kin ƙara masa rabin gudunsa. Ga lissafin: ƙafa ɗaya ta fim mai faɗin milimita 35 tana ɗauke da hoto 16, naɗi ɗaya kuwa ƙafa 1,000 ne, wato hoto 16,000. A gudun 16 zai ci minti 16 da sakan 40. A gudun 24 minti 11 da 'yan sakanni ya ƙare. Matar da ta ɗaga kai a hankali sai ta koma kamar wadda kunama ta harba.

Baba Injiniya: Lissafinka daidai ne Malam, sai dai kar a ɗauki 16 ɗin nan kamar doka. Hannu ne ke juyawa, kowane mai ɗauka da nasa. A shekarun 1920 da yawa sun haura 20, wasu ma sun kai kusan 24. Mai haskawa a sinima shi ma yana da tasa mugunta, in maigida na son a ƙara zagaye ɗaya a dare sai ya hanzarta. Kuma akwai dalilin da ba a son a rage gudu sosai: hoto yakan yi ƙyafta-ƙyafta. Shi ya sa majigin lokacin ke da fanka mai fiffike uku, kowane hoto ya haska sau uku, 16 sau 3 ya ba da 48 a sakan, ido ya daina ganin ƙyaftawar. Na zamanin sauti fiffike biyu ya ishe shi, 24 sau 2 duk 48 ne. Dalili na biyu wuta. Fim ɗin da ya daɗe a gaban fitila yana iya kamawa.

Ƙanwar Kowa: Na gane na gudu, Baba. Saura farar fuska da baƙin leɓe.

Malam Na-Kyamara: Wannan halin fim ɗin ne da kansa. Wanda ake amfani da shi har tsakiyar shekarun 1920 yana ganin shuɗi da kore, amma makaho ne ga ja. Duk abin da ke ja zai fito baƙi, shuɗi mai haske kuwa ya fito kusan fari. Fatar Bature tana da ja a ciki, in ba a shafe ta ba sai ta fito da duhu da dabbare-dabbare. Don haka ake shafa man kwalliya mai kauri mai ɗan rawaya, a bi da hoda. Jan baki kaɗan ya isa ya zama baƙi. Mai shuɗin ido kuma ƙwayar idonsa takan wanke ta koma kamar ta makaho, sai an zagaye ido da kwalli, ko a rataya baƙin ƙyalle kusa da kyamara don inuwarsa ta faɗa cikin idon. Mai haɗa kayan kwalliya Max Factor ya fito da man da ba ya tsagewa in an motsa fuska a 1914, kafin nan na dandamali ake shafawa, mai bushewa ya daddare. Ga fitilu kuma. Na gawayi da ake ce wa Klieg suna fitar da hasken da ke ƙona fatar ido, ɗan wasa ya kwana ido ja yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Haka aka yi aikin.

Hajiya Mai Littafi: Tunda an share fage, bari a faɗi ko wace ce ita. An haife ta ran 14 ga Oktoba 1893 a Springfield ta jihar Ohayo. Uban ya watsar da su, uwar ta shiga wasan dandamali don neman abin kaiwa baki, ta sa 'ya'yanta biyu, Lillian da ƙanwarta Dorothy, su ma suna ƙanana. A yawon wasannin nan suka san wata yarinya Gladys Smith, wadda daga baya duniya ta sani da shahararriyar jaruma Mary Pickford. Ita ta kai su kamfanin Biograph a New York a 1912 ta gabatar da su ga darakta D. W. Griffith. Fim ɗinsu na farko, An Unseen Enemy, naɗi ɗaya ne tak, ya fito a shekarar. Na ƙarshenta, The Whales of August, tare da Bette Davis, ya fito a 1987. Ku ƙirga, shekara 75 tsakani. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu ran 27 ga Fabrairu 1993, saura 'yan watanni ta cika ɗari.

Sarkin Gardama: Hajiya, daɗewa ba gwaninta ba ce. Kunkuru ma yana daɗewa. Tambayar yarinyar nan tana nan: me ta yi da sauran ba su yi ba? Ni abin da nake gani mace ce kullum a tsorace, kullum ana dukan ta, Griffith yana jan ta kamar 'yar tsana.

Malam Na-Kyamara: Sarki, ga amsa. Ɗan wasan dandamali yana yi ne don na kujerar ƙarshe ya gani, sai ya buɗe hannu, ya dafe ƙirji, ya zare ido. Da aka fara kawo kyamara kusa da fuska, fuskar ta cika allo, sai wannan salon ya zama abin dariya. Dole a rage. Ita ta gano iyakar ragewar. Dubi Broken Blossoms na 1919. Tana da shekara 25 ta fito a yarinyar da ubanta ɗan dambe ke jibga. In ya ce ta yi murmushi, fuskar ba ta iya ba, sai ta sa yatsu biyu ta tura gefen bakinta sama, ido kuwa na nan cike da tsoro. Ba a buƙatar katin rubutu a wurin. Sai kuma inda ta kulle kanta a ɗan ƙuntataccen ɗaki yana sara ƙofar da gatari, tana juyawa a wuri ɗaya kamar ɓeran da ya faɗa tulu. Abin lura shi ne ba haukan banza ba ne. Akwai hawa: ta fara da ido, sai hannu, sai jiki duka. Da ta fara da jiki duka, ba inda za ta je bayan nan. Kuma ba da ka aka yi ba. Griffith yakan yi makonni ana gwajin fim daga farko har ƙarshe a ɗaki kafin a juya mariƙi ko sau ɗaya, don haka ɗan wasa ya san nauyin kowane wuri a cikin labarin duka.

Baba Injiniya: A ƙara da hannun masu ɗauka. Billy Bitzer ne babban mai kyamarar Griffith, amma ɗaukar kusa ta fuskarta a wannan lokacin Hendrik Sartov ne, wanda asalinsa mai hoton kati ne. Yana tsayawa nesa da gilashi mai dogon gani wanda ba ya kaifafa hoto, a wasu wuraren a sa siririn ƙyalle kamar gidan sauro a gaban gilashin, a sa fitila ta baya ta haska gashi. Shi ya sa mace mai 25 ta wuce a matsayin 'yar 15. Illarsa ita ce in an haɗa wannan hoto mai laushi da na nesa mai kaifi, ido yana jin tsallen. Ana ganin haka a fim ɗin.

Sarkin Gardama: To ai kun faɗa da bakinku, gilashi ne da fitila da Griffith.

Hajiya Mai Littafi: In haka ne, da ta bar shi sai ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Fim ɗinsu na ƙarshe tare shi ne Orphans of the Storm, 1921. Daga nan ta tafi Italiya ta yi The White Sister a 1923 da darakta Henry King, shi ne fim ɗin da ya fito da Ronald Colman. A 1925 ta shiga kamfanin fim na MGM da sharaɗin da mata kaɗan suka samu: tana da baki a zaɓen labari da darakta da abokin wasa. The Scarlet Letter na 1926 labari ne da ƙungiyoyin coci da na mata suka ƙi a yi fim da shi saboda maganar zina ce. Ita ta rubuta musu da kanta har suka janye. Ita ta nemi Victor Sjöström, mutumin Suwidin, ya ba da umarni, da ɗan ƙasarsu Lars Hanson a matsayin jarumi. Hanson yana faɗin nasa da yarensu, tana ba shi amsa da Turanci, mai kallo bai san an yi ba. Kar a manta kuma tun 1920 ta ba da umarnin fim guda da kanta, Remodeling Her Husband, Dorothy ce jaruma. 'Yar tsana ba ta yin wannan.

Ɗan Majigi: Maganar yare ta Hajiya tana da muhimmanci. Fim marar sauti ba shi da iyakar ƙasa. In za a kai shi Faransa, sai a yanke katunan rubutu na Turanci a manna na Faransanci, shi ke nan. Kuma ba shiru ake kallo ba. Ƙaramin gidan sinima yana da mai fiyano, babba yana da taron makaɗa. Japan mutum suke tsayarwa gefen allo yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, kamar dai yadda mai bayani ke yi a motar majigi ta zamanin Turawa a ƙasar nan. Launi ma akwai. Ana tsoma fim a rini: shuɗi dare, ruwan zuma cikin ɗaki, ja gobara. Yawancin dare da rana tsaka ake ɗaukar sa, rinin ne ke mai da shi dare. Kwafin da aka wanke baƙi da fari kawai sai ka ga mutum na laluben hanya da fitila a hannu rana na dukan sa.

Ƙanwar Kowa: Yayyena, labarin ƙanƙarar nan fa? An ce ta kusa mutuwa a kogi. Gaskiya ne ko tallar fim?

Malam Na-Kyamara: Way Down East ne, 1920. Gaskiya da dabara aka cakuɗa. Ƙanƙarar gaske ce, a White River Junction ta jihar Vermont, a ƙarshen hunturu. Kogin ya daskare, sai an yanka da zarto ko an fasa da nakiya kafin faifan ƙanƙara ya taso. Ta kwanta a kai da 'yar riga, gashinta da hannu ɗaya cikin ruwa, ana maimaitawa kwana da kwanaki. Hannun nan bai koma daidai ba har ta tsufa. Inda dabara take: babban gangaren ruwan da ake ta nunawa kamar shi za ta faɗa, Niagara ce, an ɗauko daban an saka. Wasu ɗaukar kuma an yi su daga baya a wani kogi da ƙanƙarar katako da aka shafa wa fenti. Abin da ke sa zuciya bugawa yanka ne: ita a kwance, gangare, jarumin fim ɗin Richard Barthelmess yana tsalle daga faifai zuwa faifai, a koma gangare, kowane yanki ya fi na baya gajarta. Kyamara ma tana shan wahala a irin wannan sanyi. Mai yakan daskare mariƙi ya yi nauyi, kuma busasshen sanyi yana sa fim ya yi tartsatsin lantarki a ciki, ya bar zane kamar reshen bishiya a kan hoto.

Baba Injiniya: Kishiyarsa The Wind. An ɗauka a hamadar Mojave a 1927, zafi ya kusa digiri 50. Iskar da farfelar jirgin sama takwas ake yin ta, ana watsa yashi a gabansu yana dukan 'yan wasa. Ma'aikata na da tabarau, ita ba ta da. Fim ɗin kansa sai an ajiye shi cikin sanyi don kar maganin da ke jikinsa ya narke. A wajena nan ta fi nuna gwaninta, domin rabin wasan da iska take yi, ba da mutum ba. Rashin sa'a, an riƙe shi sai ƙarshen 1928 ya fito, bayan The Jazz Singer ya buɗe ƙofar sauti a Oktoban 1927. Bai yi kasuwa ba, kuma da shi ta rabu da MGM bayan fim biyar.

Sarkin Gardama: An ce ma kamfani ne ya tilasta aka canza ƙarshensa, asali ta shiga hamada ta ɓace.

Hajiya Mai Littafi: Ita ta riƙa faɗin haka shekara da shekaru. A littafin da aka ɗauko labarin haka ya ƙare, amma masu bin takardun kamfani ba su sami shaidar an taɓa ɗaukar wancan ƙarshen ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ba lallai ta fi gaskiya ba. Ko shekarar haihuwarta an daɗe ana rubuta 1896 kafin takarda ta nuna 1893. Ta rayu ta binne kusan duk abokan aikinta, ta zama ita ce bakin zamanin, ba mai musa mata. Mai karanta tarihinta ya riƙe wannan.

Sarkin Gardama: Madalla. Tunda an fara gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun tsallake 1915. The Birth of a Nation, ita ce jarumar. Fim ɗin da ya mai da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ta'addanci kan baƙar fata, gwaraza, baƙar fata kuma dabbobi masu farautar matan Turawa, da yawansu ma Turawa ne aka shafa wa baƙi. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi ta zanga-zanga a kansa, kuma a shekarar ne aka sake kafa Klan a jihar Jojiya. Fuskar nan mai ban tausayi da kuke yabo, ita ce aka hau dawaki don a ceto.

Hajiya Mai Littafi: A nan ba ni da ja, Sarki. Ana iya cewa tana da shekara 21, ba ita ta rubuta ba. Amma ta samu shekara kusan 80 bayan haka, kuma har ƙarshe kare Griffith take yi tana cewa ba shi da ƙin baƙar fata. Wannan ya fi fitowar tata nauyi a wajena. A 2019 jami'ar Bowling Green da ke Ohayo ta cire sunan Gish daga ɗakin sinimarta saboda wannan fim, manyan 'yan fim da dama suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don haka ba ta iya wasa ba. Ai iyawar ce ta sa fim ɗin ya yi dafi.

Ɗan Majigi: Wani abin da ya ɗaga ta sama da tsararrakinta shi ne nata ya tsira. Fim na lokacin naitiret ne, ɗan'uwan albarushi. In ya kama wuta ko cikin ruwa ci yake, domin yana samar wa kansa iskar da wuta ke buƙata. In bai ƙone ba ruɓewa yake, mataki-mataki: ya yi ruwan ƙasa hoto ya dushe, ya yi danƙo, ya yi ƙuraje yana wari, ya manne ya zama dunƙule mai kumfa, daga ƙarshe ya koma garin hoda. Wanda ya fara ruɓa yana iya kamawa da kansa a zafin digiri 40 da ɗoriya in an rufe shi a gwangwani. A Yulin 1937 rumbun kamfanin Fox a Little Ferry ya ƙone, da shi kusan duk finafinan Theda Bara suka tafi, matar da a zamaninta ba ta gaza Gish suna ba. Rahoton ɗakin karatu na majalisar Amurka na 2013 ya nuna cikin dogayen finafinai marasa sauti kusan 11,000 da ƙasar ta yi, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 kawai ke nan a asalin siffarsu. Na Griffith da Biograph kuwa gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya karɓe su ya adana. Duk da haka wanda ta ba da umarni da kanta ya ɓace.

Baba Injiniya: Wanda ya tsira ma sai an yi jinya. Tsohon naitiret yana tsukewa, ramukan gefe guda huɗu na kowane hoto ba sa dacewa da haƙoran inji, in ka tilasta sai ya yage. Yanzu na'urar da ba ta da haƙori ake sawa ta ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya, ana jiƙa fim da wani ruwa da ke cike ƙarzuwa don kar ta fito. Ajiya kuwa sanyi ne da bushewa, rumbunan ɗakin karatu na majalisar Amurka da ke Culpeper a Virginia suna kan digiri 4 da laima kashi 30. Wata ɓarnar ta zamanin sauti ce: hoton da ba shi da sauti ya cika faɗin fim, da aka zo sake bugawa sai layin sauti ya cinye gefen hagu, aka datse sama da ƙasa. In kin ga kwafin da kan mutum a yanke yake, daga nan ne.

Sarkin Gardama: To sauti bai kashe ta ba kamar sauran?

Hajiya Mai Littafi: Muryarta lafiya lau, tun tana yarinya a dandamali take. Ta yi fim mai magana a 1930, bai yi armashi ba, ta koma dandamali a New York, har ta fito a Ophelia cikin wasan Hamlet na Shakespeare, tare da John Gielgud a 1936. Duel in the Sun na 1946 ya sa aka sa sunanta a takarar Oscar. A The Night of the Hunter na 1955 ta fito tsohuwa mai riƙon marayu, zaune a kujera da bindiga a cinya tana gadin su da dare. An ba ta Oscar na girmamawa a 1971.

Ƙanwar Kowa: Allah ya saka da alheri. Da wanne zan fara, kuma ta yaya zan gane kwafi mai kyau?

Malam Na-Kyamara: Fara da Broken Blossoms, sannan The Wind. Duk abin da ya fito a Amurka a 1928 zuwa baya haƙƙin mallakarsa ya faɗi, shi ya sa kwafi suka yi yawa, nagari da rubabbu. Duba tsawon lokaci: na farkon wajen minti 90 ne, in kin ga ya gaza da yawa an hanzarta shi ko an yanke. Duba ko akwai rini. Sannan ki sa ido kan abin da ke faɗuwa ƙasa, ko hayaƙi, ko mai tafiyar da ba gudu yake ba, su ne ke tona gudun ƙarya. In kwafin mai sauri ne, YouTube yana da wurin rage gudu, ki sa 0.75, 24 ta koma 18, kusa da daidai ga na shekarun 1910. Ki kashe kiɗan don zai ja. Kar ki yi wa The Wind haka, shi gudunsa na zamanin sauti ne. Akwai kuma kwafin da aka riga aka gyara ta hanyar maimaita kowane hoto na biyu, za ki gane shi da ɗan tsalle-tsalle a motsi, shi ma a bar shi yadda yake.